Yadda Ake Daidaita Gudun Injin Kafinta

Jama'a, a wannan wata filinmu na sana'o'i ya leƙa shagon kafinta. Akwai wani inji da ya fara yawa a garuruwanmu, har da manyan ƙauyuka masu kasuwar mako. Inji ɗaya ne, amma aikinsa ya kai huɗu ko biyar. Yana tsaga katako da zarto. Yana kankare shi ya yi sumul. Yana rage masa kauri. Yana huda ramin da ake haɗa ƙofa da taga. Wani ma har yana fitar da ado a gefen katako, irin wanda muke gani a jikin gado da kabad.

Duk wanda ya shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ya ga irinsa. Wasu daga Italiya ko Beljiyam aka kawo su, bayan an yi aiki da su a can. Wasu sababbi ne daga ƙasar Sin. Wasu kuma ƙirar gida ne, masu walda suka haɗa su.

Ko wane iri ne, magana ɗaya ce. Kowane aiki da gudunsa. Gudun da ya dace da ƙaramar wuƙa, shi ne zai iya fasa babba. Da yawa daga masu wannan inji, inda suka tarar da bel ranar da suka saye shi, nan yake har yau. Wasu kuwa suna matsar da shi, amma da ka kawai. Duka biyun suna jawo asarar katako da ƙonewar inji. Wani lokaci har da yatsu da ido.

Daga ina gudun yake fitowa?

A ƙarƙashin injin akwai abin da ke juyawa idan an ba shi wutar lantarki. Masu sana'a suna kiranta mota, ko da yake ba motar hawa ba ce. A jikinta akwai wani ɗan ƙaramin allo na ƙarfe mai rubutu. Ka goge ƙurar da ta rufe shi, ka nemi haruffa uku, RPM. Lambar da ke kusa da su ita ce yawan juyin da motar ke yi a cikin minti ɗaya.

Yawancin motocin da ake samu a ƙasarmu iri biyu ne. Akwai mai juyi wajen 1,400 a minti. Akwai mai juyi wajen 2,800. A ido kamarsu ɗaya. Girmansu kan zo kusan ɗaya, fentinsu ɗaya. Allon nan ne kaɗai zai gaya maka wacce ce a hannunka.

Irin wannan mota gudunta ɗaya ne. Ba kamar babur take ba, da za ka murɗa totur ya ƙara. To, yaya ake yi zarto ya fi ta gudu, ko ya gaza ta? Amsar tana wajen fuli da bel.

Ka tuna keken ɗinki na ƙafa. A ƙasa akwai babban gargare, a sama akwai ƙarami, igiyar fata ta haɗa su. Tela ya taka sau ɗaya, babban ya zagaya sau ɗaya, amma ƙaramin na sama ya zagaya sau da yawa. Haka ma injin niƙa yake. Haka injin kafinta yake. Fuli shi ne gargaren ƙarfe mai kwarmi a gefe, inda bel ke zama. Ɗaya yana bakin mota. Ɗaya yana jikin sandan ƙarfen da aka ɗaura wa zarto ko wuƙa.

Idan fulin mota ya fi na zarto girma, zarto zai fi mota gudu. Idan na mota ne ƙarami, zarto zai yi sanyi, amma ƙarfin jansa zai ƙaru. Idan girmansu ɗaya, gudunsu ɗaya.

Lissafin ba wuya

Ɗauki tef ɗinka na awo. Auna faɗin fulin mota ta tsakiya. Auna na zarto. Mu ce na mota inci 6 ne, na zarto inci 3. Uku sau nawa ne a cikin shida? Sau 2. Ke nan duk juyi ɗaya na mota, zarto ya yi 2. Idan allon mota ya ce 1,400, zartonka yana juyi 2,800 a minti.

Idan lambobin ba su rabu daidai ba, ga wata dabara da ba ta bukatar biro. Cire wuta tukuna. Sami alli ko gawayi, ka yi zane ɗaya a jikin kowane fuli. Sai ka juya fulin mota da hannu a hankali har sau 10, wani yana ƙirga maka juyin ɗayan. Idan ya ƙirga 20, ninki biyu ke nan. Idan ya ƙirga 15, ɗaya da rabi ne, wato 1,400 ya zama 2,100. Idan ya ƙirga 5, rabi ne, wato 700.

A ganinmu wannan dabara ta fi awo da tef. Bel ba ya zama a kan bakin fuli, yana ɗan nutsewa cikin kwarmi. Alli kuwa abin da ke faruwa yake nunawa.

Babban zarto, ƙaramin gudu

Nan ne ya kamata a natsu, don nan ne haɗarin yake.

Tsakiyar zarto da bakinsa suna juyawa tare, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Tsakiya tana zagaya ɗan ƙaramin wuri. Haƙoran da ke baki kuwa suna yin doguwar tafiya. Zarto mai faɗin inci 12, idan ya juya sau ɗaya, kowane haƙorinsa ya yi tafiyar da ta ɗan fi yadi ɗaya. A juyi 2,800 cikin minti, haƙorin nan yana gudun kilomita wajen 160 a awa. Ya fi motar haya a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Idan ka cire shi ka ɗaura mai inci 16 ba ka taɓa bel ba, haƙori ya koma gudun fiye da kilomita 200. Ba ka ƙara komai ba, girman zarton ne ya ƙara.

Yaran da ke koran tsuntsaye a gonar gero sun san majaujawa. In ana wulwula ta, dutsen da ke ciki yana neman ƙwacewa. In aka ƙara sauri, jansa ya ƙaru. Haka haƙoran zarto suke. Haka wuƙaƙen da aka ɗaure da noti suke. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da ke neman fizge su ba sau 2 yake ninkawa ba, sau 4 ne.

Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera zarto suke rubuta lamba a jikinsa. Sau da yawa za ka ga haruffan MAX kusa da lambar. Ma'anarsa iyaka. Kada juyin injinka ya wuce wannan lamba ko da kaɗan. Ka karanta ta ranar da ka sayi zarton, ka rubuta a wani wuri, domin aiki yana goge rubutun cikin 'yan makonni.

Ga yadda aka fi faɗawa cikin wannan rami. Mota ta ƙone ana tsakiyar aikin kayan ɗakin amarya, biki saura mako biyu. Maigida ya aiki yaro kasuwa ya sayo wata. Yaro ya duba ƙarfin doki, ya ga daidai ne. Ya duba ƙafafun da ake ɗaurewa, ya ga sun dace. Bai duba RPM ba. Tsohuwar 1,400 ce, sabuwar 2,800. Aka mayar da tsohon fuli a bakinta, aka sa bel. Zarton da ke juyi 2,800 jiya, yau yana 5,600. Ƙarar inji ta canja, ana murna an sami mota mai ƙarfi. Alhali in zarton nan babba ne, ko yana da ɗan tsagu, ko wuƙa ɗaya ba ta ɗauru sosai ba, abin da zai fito daga cikinsa ba ya ba mutum lokacin kaucewa. Allah ya kiyaye.

Saboda haka duk wanda zai sayi mota, ya kwafe abin da ke allon tsohuwar a takarda ya tafi da shi. In dole sai mai 2,800 za a saya a madadin mai 1,400, to sai a rage fulin bakinta ya koma rabin na da. Mai inci 6 ya koma mai inci 3.

A lura kuma da motocin da aka yi don ƙasar Amurka. Allonsu kan nuna 1,725 ko 3,450, kuma za ka ga lamba 60 kusa da haruffan Hz. Wutarmu 50 ce. A nan ba za su kai gudun da aka rubuta ba, za su rage kashi ɗaya cikin shida. Wasunsu ma na wuta 110 ne, tamu kuwa 230. A nuna wa mai gyaran lantarki kafin a biya kuɗi.

Wane sashe ake canja wa gudu?

A injunan da kamfani ya ƙera, zarto da wuƙaƙen kankara yawanci gudu ɗaya aka ba su. Ba a so a taɓa. Wuƙaƙen kankara suna son gudu sosai, daga 4,000 zuwa 6,000, domin sandansu siriri ne. Sashen da aka yi don a riƙa canja masa gudu shi ne mai fitar da ado, domin wuƙaƙensa girma-girma ne. Yau ka ɗaura ƙarama, gobe babba.

Idan ka buɗe murfin wannan sashe, za ka ga fuli mai hawa-hawa kamar matakala. Hawa biyu, ko uku, ko huɗu. Na mota da na sanda suna kallon juna, amma a juye. Inda na mota ya yi faɗi, na sanda ya tsuke. Bel a kan babban hawan mota, shi ne gudu mafi yawa. Bel a kan ƙaramin hawan mota, shi ne mafi sanyi. A jikin murfin akan manna hoto mai nuna lambar kowane hawa. Kada a fente shi.

Ƙaramar wuƙar ado mai faɗin inci 4 tana son wajen 8,000. Babba mai inci 8 tana son wajen 4,500. Wadda kamfani ya ƙera takan zo da lambobi biyu a jikinta, na ƙasa da na sama. Ka zaɓi hawan da ya faɗa tsakaninsu. Kada ka ce bari in sa mafi sanyi don in tsira. Wuƙar ado in ta yi sanyi da yawa ba ta yanka, cafka take yi. Sai ta wurgo katakon baya, ta ja hannu zuwa bakinta.

Wajen huda, ƙa'idar ba ta canja ba. Siririn abin huda yana son gudu, mai kauri yana son sanyi. In injinka yana da wurin ƙera ƙafar tebur, fara da mafi sanyi muddin icen yana da kusurwa. Sai ya zama mulmulalle sannan a ƙara.

A injin ƙirar gida, sau da yawa mota ɗaya ce ke jan komai. Bel ake ɗagawa daga wannan aiki zuwa wancan. Irin wannan ya fi bukatar lissafin alli, don babu hoton da zai taimake ka. Ka gwada kowane fuli, ɗaya bayan ɗaya.

Matsar da bel

Kashe makunni bai isa ba. Zare waya daga bango, ko ka cire fis ka sa a aljihunka. Mun san halin wutarmu. An ɗauke wuta ana cikin aiki, aka manta makunni a kunne. Kafinta ya ce bari in yi amfani da wannan dama in canja bel. Hannunsa na ciki aka kawo wuta. Makunni mai maɓalli biyu, kore da ja, yana maganin wannan, domin in wuta ta tafi yana kashe kansa, ba ya tashi sai an sake danna koren. Kuɗinsa bai kai na jinyar yatsa ba. Duk da haka a zare waya.

Jira zarto ya tsaya cik da kansa. Kada a danna masa guntun katako a gefe don ya yi saurin tsayawa. Yin haka yana lanƙwasa shi.

Sai ka sassauta notin da ke riƙe da mota, ko ka saki hannun ƙarfen da aka yi don haka. Tura motar ta matso, bel zai yi sako-sako. Ɗaga shi da hannu ka mayar hawan da kake so. Kada a ɓanɓare shi da sukurudireba yana a ɗaure, zaren cikinsa yana tsinkewa ba a gani ba. Tabbata hawan sama da na ƙasa suna layi ɗaya. Bel da ya karkace yana cin gefensa, yana zafi, kuma yana iya tsalle ya fita.

Daga nan ja motar baya ka ɗaure. Danna tsakiyar bel da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, ya yi ƙara kamar kukan ɓera, zarto ya riƙa tsayawa a cikin katako. In ya ɗaure tamau zai kashe boris na mota da na sanda. Masu ɗaure bel kamar tsirkiyar baka su ne kullum a shagon mai sayar da boris.

In bel ya tsufa, karanta abin da ke bayansa kafin ka sayi wani. Harafin farko faɗinsa ne. A yana da faɗin rabin inci, B ya fi shi. Lambar da ke biye tsawonsa ne. Bel A a cikin kwarmin B nutsewa yake har ƙasa, ba ya kamawa.

Mayar da murfi. Mun lura a shaguna da yawa an cire murfin bel an jingine a bango, wai yana ɓata lokaci. Bel ba ya bambanta katako da hannun riga. Mai babbar riga ko rawani ya tuɓe kafin ya matso. Yara masu kawo abinci su tsaya a bakin ƙofa.

Kafin ka sa wuta, juya sandan da hannu ka ji ko wani abu yana gogawa. Sannan ka kunna kana tsaye a gefe, ba a saitin zarto ba. Bar shi ya yi minti ɗaya babu katako. In ka ji rawa ko baƙuwar ƙara, kashe.

Katako yana ba da labari

Gudu iri biyu ne a wannan aiki. Akwai gudun wuƙa, akwai saurin da kake tura katako. Sai sun dace da juna aiki ke kyau.

In gefen katako ya yi baƙi, yana hayaƙi, yana ƙauri, to wuƙa tana goga wuri ɗaya ne ba ta ci gaba. Ko gudunta ya yi yawa, ko turin ya yi sanyi, ko ta dakushe. In fuskar katako ta fito da tudu da kwari kamar kunyoyin gona, turin ya fi ƙarfin gudun wuƙa. Sauri ya haifi nawa, don sai an koma an bi shi da hannu. In ƙarar mota ta yi ƙasa tana nishi, ka cika mata baki ne, sassauta.

Dubi abin da ke zuba a ƙasa ma. Wuƙar kankara mai kaifi a gudun da ya dace tana zubo da ɓawo mai nannaɗewa. In gari mai laushi kawai take fitarwa, akwai magana.

Icen rimi da malaina da obeche suna da taushi, suna karɓar turi da sauri. Maɗaci da ƙawo da marke sai a hankali. Kirya kuwa sai an lallaɓa ta, a riƙa cin ta kaɗan-kaɗan. Amma taurin ice ba shi ne dalilin matsar da bel ba. Girman wuƙa ne ke zaɓen hawa. Taurin ice hannunka yake shafa, wato saurin turi da kaurin abin da kake cirewa a tafiya ɗaya.

Kafin ka zargi gudu, duba kaifi. Mafi yawan ƙunar da ake gani a katako daga dakusasshen zarto take. Ɗanyen ice ma yana matse zarto. Tsohon katakon rufi kuwa a bincika shi, ƙusa ɗaya ta isa ta zubar da haƙora.

Janareta da injin gas

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kowa yana neman hanyar rage shan mai. Wasu sukan rage wa janareta totur. Wannan ba tsimi ba ne. Gudun mota yana bin gudun janareta. In janaretarka tana da agogo mai haruffan Hz, allurar ta tsaya a 50. In ta sauka zuwa 45, motar 2,800 ta koma wajen 2,500, wutar kuma ta yi rauni. Mota a raunanniyar wuta zafi take yi har koyil ya ƙone. Abin da aka tara na mai, mai naɗin koyil ne zai karɓe, har da ciko. Haka in wutar gari ta zo ba ƙarfi, fitila ta yi ja, gara a haƙura da manyan ayyuka.

A ƙauyukan da babu lantarki, injin gas ko na fetur ake haɗawa da bel kai tsaye, kamar na niƙa. Shi ma yana da allonsa. Ƙananan injunan fetur sukan kai 3,600. Yi lissafinka da lamba mafi girma da injin zai iya kaiwa, don wata rana yaro zai buɗe totur duka. In ka sami inda aiki ke kyau, yi alama da fenti a wurin.

Wasu suna tambaya ko za a iya sa wa motar inji abin rage gudun fanka. A'a. Ƙarfin wuta kawai yake ragewa. Ko shi ya ƙone, ko motar ta ƙone.

Akwai dai wata na'ura da ake samu yanzu a shagunan kayan lantarki na manyan birane, wadda aka yi musamman don canja gudun mota. Tana da abin murɗawa da ɗan gilashi mai nuna lamba. Da motoci masu layi uku take aiki, kuma sai ƙwararren mai lantarki ne zai haɗa ta. Ka sa ya kulle mata iyaka, yadda ko an murɗe ta ƙarshe ba za ta wuce lambar zartonka ba. Kada kuma a daɗe ana aiki mai nauyi a gudu kaɗan, domin fankar da ke sanyaya mota a jikin sandanta take. In mota ta yi sanyin juyi, fankar ma ta yi. Ƙurar katako tana toshe wannan na'ura, sai a sa ta cikin akwati mai shan iska nesa da bakin zarto.

Idan ka gama gwada injinka da alli, sami fenti ka rubuta sakamakon a bangon da ke kusa da shi. Hawa na 1, juyi kaza. Hawa na 2, juyi kaza. A gefen kowace lamba ka zana hoton wuƙar da ta dace da ita, babba ko ƙarama, saboda yaran shago da ba su fara karatu ba tukuna. Duk ranar da aka canja mota ko fuli, a goge rubutun a sake gwaji.